Ranar da Malam Bukar Ya Amsa Ta'aziyya da Madalla

Har gobe ban manta da ranar da na kusa zubar wa Malam Bukar mutunci da yatsa ɗaya ba. Ku sababbin ma'aikata da kuke tambayar abin da ya sa aka hana nuna bidiyo a ce kai-tsaye ne, to ga mafarin dokar.

Lokacin ina ƙaramin injiniya a wani kamfani a Fagge, zamanin da makarantun kuɗi suka cika gari shekaru da dama bayan sojoji sun koma bariki. Manhajarmu ta aji ce: malami yana ofis gaban kyamara, ɗalibai suna makarantarsu suna ganinsa a allo, su yi tambaya ya amsa. Malaminmu shi ne Malam Bukar, dattijo ɗan Kwaciri, gwanin lissafi. Manajanmu kuwa Oga Tajuddin, haifaffen Sabon Gari, mutumin da bai taɓa yarda wani abu ya gagara ba.

Aka shirya baje kolin kayan fasahar ilimi a wani babban ɗakin taro kusa da Bata, muka kama rumfa. Ana gobe buɗewa yayan Malam Bukar ya rasu. Da muka dawo daga jana'iza na ce wa Oga sai dai mu nuna darasin da muka ɗauka lokacin gwaji, mu gaya wa mutane bidiyo ne.

"Wa zai sayi bidiyo?" in ji shi. "Kai-tsaye suke son gani."

"Oga, in suka yi masa magana fa?"

"Mutumin Kano me zai ce wa malami? Gaisuwa ce. Gaisuwa kuma amsarta ɗaya ce."

Abin haushin, yana da gaskiya. Kafin kowane gwaji Malam yakan gaisa da mu, duk an ɗauka. Na yanko amsoshinsa na ɗora kowacce a kan maɓalli: "Wa alaikumus salam", "Lafiya lau", "Alhamdu lillahi", sai kuma "Madalla, haka ake so!" wanda ya faɗa da murmushi har kunne. Aikina in zauna bayan tebur, kwamfuta a cinya, ina dannawa.

Ranar farko abu ya tafi sumul. Shugabannin makarantu suka yi ta gaisawa da allo, wata Hajiya har cewa ta yi malamin nan akwai tarbiyya. Ni kuwa daɗi ya kama ni, har salo nake yi, in ɗan jinkirta amsa don a zaci sabis ne.

Washegari bayan azahar Alhaji Sani ya shigo. Shi Oga yake jira tun farko. Ɗan kasuwa ne a kasuwar Kwari, mai makarantu a Fagge da Sabon Gari. In ya ɗauki manhajar kamfani ya miƙe, in bai ɗauka ba kowa ya nemi wani aikin. Abin da ba mu sani ba, masallaci ɗaya suke salla da Malam Bukar shekara da shekaru.

Ya yi sallama, na danna. Ya ce ina gajiya, na danna. Sai ya matso kusa da allo ya gyara tabarau.

"Af, Malam Bukar? Jiya na dawo daga tafiya ake gaya mini. Ashe Yaya Modu lokaci ya yi. Ya haƙuri?"

Yatsana ya riga kunnena. Sai ga Malam, fuska fal annuri: "Madalla, haka ake so!"

Alhaji ya ja da baya yana salati.

"Yau ake sadakar uku," ya ce, "ya baro zaman makoki ya zo aiki, kuma yana dariya? Wannan zan ba wa 'ya'yan mutane?"

"Sabis ne, Alhaji," in ji Oga, gumi na keto masa.

Na san kafin la'asar labarin ya zagaye Kwari, kafin magariba ya isa Kwaciri, shi kuwa Malam, bawan Allah, yana can kan tabarma bai san hawa ba bai san sauka ba. Na leƙo daga bayan tebur na ce, "Oga, ko ka faɗa masa gaskiya, ko in danna Lafiya lau."

Ya harare ni, amma ya faɗa. Alhaji ya ƙi yarda, wai in bidiyo ne ta yaya ya amsa masa sallama? Sai da na fito da kwamfutar na danna masa maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Daga nan na kira ɗan Malam, wanda yake da manhajar a wayarsa, na ce ya shiga aji. Allo ya kawo rumfar makoki, ga jama'a a zazzaune, ga Malam idanunsa sun yi ja.

"Malam, ya haƙuri?" in ji Alhaji.

"Da godiya, Alhaji."

"Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta."

Aka ɗaga hannu a can, aka ɗaga a nan, har masu rumfunan maƙwabta suka matso aka shafa fatiha tare. Sabis ɗin da Oga ya ɗora wa laifi ko sau ɗaya bai yanke ba.

Alhaji ya ɗauki manhajar, bisa sharaɗin Oga ya je Kwaciri da ƙafarsa ya gaya wa Malam abin da aka yi da fuskarsa. Zai fita ya ja ni gefe ya rage murya: "Wancan na maɓallan, za ka iya yi mini da muryata? Surukaina akwai yawan waya."

Abin da na koya shi ne, duk kyawun na'ura, mutanenmu sai sun gaisa da wanda yake cikinta, kuma gaisuwa tana iya juyawa ta inda ba ka shirya ba. Malam ya yafe mana, amma har ya bar aiki, duk safiyar da na ce masa "Malam, ina kwana?" sai ya dube ni ya ce, "Danna mana ka ji."