Aljanar Ƙanina 'Yar Birni Ce

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma shekarar da aljana ta auri ƙanina ba za ta taɓa fita daga kaina ba.

A Sabon Birni muke, shi yana ɗan shekara goma sha biyar, ni ina gaba da shi kaɗan. Babanmu ɗan kasuwa ne, yana saro kaya daga Maraɗi: biskit, alewa, taliyar leda, da lemon gwangwanin nan da direbobi ke sha don kada su yi gyangyaɗi. In an tashi daga makaranta, ƙanina ne ke tsare shagon. An dai ba kura ajiyar nama, amma babu wanda ya lura.

Ba a daɗe ba ya raina tuwon innarmu. Sai ya tsakuri loma biyu ya ce ya ƙoshi. Barcin dare ya ƙaurace masa, kullum ya wayi gari da idanu jajur kamar gauta. Da rana kuwa ko ina katifa ce: a aji, a kan buhun shinkafa, har akwai ranar da ya yi sujada bai ɗago ba sai da liman ya sallame. Shugaban makarantarsu ya aiko cewa in haka za a ci gaba, kada ma ya wahalar da kansa zuwa jarrabawa.

Goggonmu, yayar Baba, ita ce likitar gidanmu, ko da yake ko allura ba ta taɓa riƙewa ba. Ta dube shi sau ɗaya ta yanke hukunci.

"Yaro bai cin tuwo, bai kwanan dare, mi kuke jira? Aljana ta, ta aure shi."

Aka kwashe shi zuwa Gangara, gidan kakarmu, inda wani mai magani ya turara shi da hayaƙi har ya yi ta tari. A unguwar kaka babu shago, sai fura da tuwon dawa da aikin gona. Kafin mako ya zagayo yaro ya koma barci kamar an jefar da buhu. Mai magani ya karɓi zakara ladan aikinsa, Goggo ta dinga tafiya tana taƙama.

Ya dawo gida, ya koma shago, amarya ma ta dawo ɗakinta. Nan Baba ya yi nasa lissafin, ya ce tunda aljanar 'yar birni ce, ba ta son ƙauye, to yaro ya bar makaranta ya tare a Gangara ya kama noma. Nan dariya ta ƙare mini. Ƙanina rigimamme ne, amma yana son karatu, kuma na san in ya tafi ya tafi ke nan. Na shiga ɗaki na sha kuka.

Ranar tafiya da hantsi aka kawo babur. Baba ya ɗaga jakar ƙanina zai ɗaure, ya ji ta yi nauyi, ya girgiza ta. Zip ya ɓalle, gwangwanaye da biskit suka watse a ƙofar gida, ɗaya ya gangara har gaban Goggo. Ashe ango ya yi wa kansa guzuri.

Baba ya ɗauki gwangwani ɗaya, ya daɗe yana kallonsa.

"Direban babbar mota guda ɗai shika sha, ya kai Agadas bai runtsa ba. Kai nawa kaka sha?"

Ƙanina ya sunkuyar da kai ya ce ba ya ƙirgawa.

"To sauke kayan. Za ni gani in aljanar ga tana iya zama gidan da babu lemu."

Aka raba shi da shago, aka haɗa shi da kwanon tuwo. Ya yi kwanaki yana ciwon kai da fushi da kowa, daga nan barci ya dawo, ya zauna jarrabawarsa. Goggo kam har yau cewa take hayaƙin ne ya yi aiki a makare.

Yanzu ni ma ina da samari a gida. Abin da na koya shi ne, in yaro ya kasa barci, kafin a tafi neman aljana a kan tsamiya, a fara zazzage jakarsa tukuna.