Tasbahar Uwar Duhu

Idan aka tambaye ni aikin mahaifiyata, nakan ce ƙirga haske take yi. Sai mutum ya yi dariya, ni kuma raina ya ɓaci, don gaskiya na faɗa. Shekara talatin da ɗaya ta yi a wani ɗakin gwaji marar taga, bangonsa baƙi, labulensa baƙi, har abokan aikinta suka laƙaba mata Uwar Duhu. Amsawa take yi hankalinta kwance.

Ƙananan na'urori ake kawo mata, masu gano haske ƙwaya ɗaya ɗaya, irin wanda ido ba ya ma sanin ya wuce. Takan kunna leza, wato wani siririn haske mai kaifi, ta auna ƙarfinsa, ta jera gilasai masu duhu a gabansa har hasken ya koma ɗigo ɗigo, sannan ta tura shi ta cikin wani siririn zaren gilashi zuwa bakin na'urar. Ta san ƙwaya nawa ta aika, sai ta duba nawa aka kama. In tamanin ne cikin ɗari, tamanin za ta rubuta ta sa hannu, ko da mai na'urar zai yi ta roƙo har rana ta faɗi. Ba ta da digiri ko ɗaya, amma masu digiri uku sai sun jira sa hannunta.

Aikin ya biyo ta gida. Duk wata 'yar fitila da ke jikin talabijin ko firji ta manne ta da baƙin tef. Babanmu yakan ce, "Ku yi hankali, wata rana ni ma za ta manne mini ido." Ita ma da ita ake dariyar.

Da ritayarta ta rage mako ɗaya, na sayo mata tasbaha mai 'ya'ya farare masu ɗan kore. Kyanta kawai na gani a kanti. Ta ji daɗi ƙwarai, kullum tana jan ta a bakin tagar mota har ta isa wurin aiki, sannan ta jefa ta a aljihun rigar aiki.

A wannan makon aka kawo mata na'urar ƙarshe, wadda Farfesa, shugaban sashensu, ya yi shekara uku yana haɗawa da ɗalibansa. Ta auna ranar Litinin, sai lissafi ya nuna ɗari da huɗu cikin ɗari. Ta dawo gida ta ƙi cin abinci.

"To ba abin murna ba ne?" in ji Baba.

"Malam, in na jefa maka ƙwai ɗari, za ka cafe ɗari da huɗu? Akwai hasken da ke shiga ta wani wuri."

Washegari ta kashe leza, na'urar ta ci gaba da ƙirgawa, da yawa da safe, tana raguwa har azahar. Mama ta tashi haiƙan. Ta ƙwace wayoyin kowa, ta cire wa Farfesa agogo, ta liƙe ƙasan ƙofa, ta zargi mai gyaran wuta, ta kori ɗalibai gaba ɗaya. Babu abin da ya canja. Ni kam tausayinta nake ji. Alhamis za ta bar aiki, kuma ta ce ba za ta sa hannu a lambar da ba ta yarda da ita ba, ba kuma ta son ta tafi ta bar wannan a matsayin aikinta na ƙarshe.

Ranar Alhamis na je da hantsi don in kwaso mata kayanta. Na tarar da ita a ƙofar ɗakin, Farfesa na tsaye yana shafa gemu.

"Hajiya," ya ce a hankali, "kin fitar da kowa daga ɗakin nan. Saura mutum ɗaya."

"Wa?"

Ya dube ta yana murmushi.

"Ni? Farfesa, ni da nake cikin duhun nan tun kana ɗalibi?"

"Minti biyar kawai, Hajiya. Ga kwamfuta a nan waje."

Ta kunna leza ta fito, ta ja ƙofa da ƙarfi, ta tsaya hannu a ƙugu. Muna kallo lambar ta sauka ta zauna a tamanin da bakwai, ba ta ƙara motsi ba. Mama ta koma ciki ta jingina da tebur kamar yadda ta saba, lambar ta haura. Ta fito, ta sauka.

Ta kama hannuna ta ja ni cikin ɗakin ta rufe. A cikin duhu na ji tana zazzage aljihu: makulli, biro, ƙullin tef. Sai ga tasbahata a tafin hannunta, 'ya'yanta na ba da wani ɗan haske kore. Ashe irin mai shan rana ce ta riƙa fitarwa a duhu, kuma kwana huɗu tana cikin aljihu dab da zaren gilashin. Na fara ba ta haƙuri.

Ban gama ba na ji kafaɗarta na rawa. Dariya take yi, har ta zauna a ƙasa tana share hawaye.

Sau uku ta sake awon, tasbahar na hannuna a waje. Tamanin da bakwai. Ta rubuta, ta sa hannu, ta mayar wa Farfesa agogonsa, ta je da ƙafarta ta nemi gafarar mai gyaran wuta.

A mota na ce ta ba ni in canjo mata wata.

"Ki canjo me?" Ta karɓe ta ta ɗora a kan cinya inda rana ke dukanta. "Shekara talatin da ɗaya ina korar haske daga ɗakin nan, babu wanda ya taɓa shigar mini da shi sai 'yata. Bar mini abata. Ai yanzu na yi ritaya, ta haska yadda take so."