Sunayen da Sanduna Suka Rufe

Na buga takardun mutane masu yawa a rayuwata, akasarinsu sun shige mini, amma akwai guda ɗaya da har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu kusa da kasuwar Mubi, 'yan watanni bayan mun dawo daga gudun hijira. Rabin shagunan layinmu a rufe suke. Wata ranar Laraba bayan azahar wani dattijo ya shigo da littafin rubutu a hammata, takalminsa duk laka. Ya ce shi mai duba makarantun firamare ne a ƙauyukan wajen Betso. Sati biyu ya yi yana zaga makarantu bakwai, wani wuri a keke, wani wuri a ƙafa, yana ƙirga yaran da suka dawo aji.

"Gobe akwai zama a ofis," in ji shi. "Suna so su rufe waɗanda yara suka ragu, su haɗe su da wasu. Ki yi mini zane, 'yata, irin mai sanduna ɗin nan. Manya ba sa karanta lamba, amma suna kallon hoto."

Na zuba lambobin a kwamfuta, na debe yawan yara na da daga na yanzu. Makarantu biyu sun ƙaru, don mutanen Michika sun sauka a wurin 'yan'uwansu. Sauran biyar duk da alamar ragi suka fito. Da na fitar da zanen, sanduna biyu suka miƙe sama, biyar suka zubo ƙasa. Matsalar ita ce sunayen makarantun suna jere a jikin layin kwance na tsakiya, wato kan sifili, sai sandunan da suka yi ƙasa suka bi ta kansu suka rufe su. Ba ka iya karanta ko ɗaya cikin biyar ɗin.

Ni a lokacin sauri nake yi. Man janareta ya kusa ƙarewa, ga dokar hana fita da yamma. Na ce, "Baba, bari in cire alamar ragin, duk sandunan su tashi sama. Zai fi kyau."

Ya ce, "Yaran sun ƙaru ne?"

"A'a."

"To kar ki ɗaga su."

Sai na nemi wata dabara. Na danna kan layin tsaye, na sami inda ake faɗa wa layin kwance wurin da zai ratsa. Na sa masa lamba mafi ƙasa a jerin. Nan take layin ya sauka can gindin zanen tare da sunayen, kowanne ya fito sarai, sanduna duk suka tashi daga ƙasa. Har na ji daɗin kaina. Na juya masa fuskar kwamfutar.

Ya sa tabarau, ya bi sunayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai na ƙarshe ya tsaya.

"Ina sandar makarantar bakin mayo?"

Na duba. Sunan yana nan, amma babu sanda a kansa. Da yake ita ce ta fi kowacce rasa yara, lambarta na mayar gindin zanen, sai sandarta ta ɓace gaba ɗaya. Sauran da suka yi asara kuma sun miƙe kamar masu ƙaruwa.

Bai yi mini faɗa ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya ce ƙanensa ne shugaban makarantar nan. Ranar da aka gudu, ƙanen nasa ya tsaya ya ga yara sun haye mayo, wato kogin, tukuna, kuma tun ranar ba wanda ya sake ganinsa. Yaran da suka dawo yanzu ba su cika aji ɗaya ba.

"Sauran suna nan, sun watsu ne," in ji shi. "Wasu a Maiha, wasu a Sorau, wasu sun tsallaka iyaka. In an rufe makaranta, ina za su dawo? Ina so mutanen nan su ga zurfin ramin, su ga kuma sunan wanda ya faɗa ciki."

Kunya ta kama ni. Ni ma na yi gudun nan, na kwana a daji da mahaifiyata, amma ga shi na zauna ina ƙoƙarin gyara wa abin fuska don in tashi da wuri.

Na mayar da layin kwance kan sifili. Na riƙa buɗe zaɓuɓɓuka ɗaya bayan ɗaya, har na gano cewa sunayen suna da nasu wurin daidaitawa dabam da na layin. Akwai zaɓin da ke kai su can ƙasa ba tare da an taɓa layin ba. Na danna. Layin ya tsaya a inda yake, sanduna biyar suka rataya ƙasa, sunayen suka jeru a ƙarƙashinsu. Sandar bakin mayo ta sauko har ta kusa taɓa sunanta.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yauwa. Haka abin yake. Buga mini guda goma."

Bayan kamar wata biyu ya biyo ta shagon. Ya ce a wurin zaman takardar ta zaga hannu hannu, sai wata mata cikin manyan ta tambayi ina yaran doguwar sandar nan suke. An bar makarantar a buɗe zuwa ƙarshen shekara, an tura malamai biyu su bi sawun iyaye. Wasu yaran sun dawo, wasu har yau babu labari. Na tambaye shi ƙanensa, ya girgiza kai kawai.

Yanzu ni ke koya wa wasu aikin kwamfuta. Duk ranar da muka zo kan lambobi masu ragi, nakan nuna musu hanyoyin nan biyu, in gaya musu bambancinsu. Abin da na koya a wurin dattijon nan shi ne, in lamba ta zo da mummunan labari, aikina in sa a gan ta da kyau. Ba ni da ikon sauƙaƙa ta, don a bayan kowace lamba akwai mutanen da wani yake jiran dawowarsu.