Agogon Inna

Ni da Inna kaɗai ne Kirista a layinmu cikin zangon Djougou. Baba mai wa'azi ne, ƙauyukan wajen Sérou yake zagawa a kan keke, kuma ya rasu tun ina ƙarama. Ya bar mu a ɗakin haya a gidan wata Hajiya, jikar fataken goro, mace mai murya kamar ta dillalin kasuwa. Bangon ɗakinmu a jikin masallacin unguwa yake. In ladan ya yi gyaran murya, mu ne farkon ji.

Inna ba ta da agogo, ba ta kuma taɓa neman sa ba. Da an kira salla sai ta sauke kaskon wagashi, cukun nonon da take soyawa na sayarwa, ta goge hannu a zane, ta shiga ɗaki ta buɗe taga ta durƙusa. Hajiya na can bakin rijiya tana alwala, Inna na nan tana addu'a cikin sunan Yesu. Da safe godiya take yi. Da azahar takan sa ni in karanta mata aya ɗaya daga Littafi Mai Tsarki, don ita ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, ta yi ta nanata ta har ta zauna mata a baki. La'asar kuwa ta mutane ce. Masu ciwo, masu ciki, matafiya, duk sai ta ambace su ɗaya bayan ɗaya.

Wata mata 'yar majami'armu ta taɓa ce mata wannan ai kwaikwayo ne. Inna ta ce, "Bawan Allahn nan da aka jefa ramin zakoki, ba lokutan addu'a gare shi ba? Taga a buɗe, gwiwa a ƙasa. Ni ga mai tuna mini a jikin ɗakina, sai in toshe kunne?" Ni dai a lokacin haushi abin yake ba ni, don ni ake bari da masu saye suna ta mita a ƙofa.

Hajiya kuwa abin tsokana ta mai da shi. Da ta ji kira sai ta ɗaga murya daga tsakar gida, "Matar malam, tashi ki yi naki. Kada ki manta da ɗan banzan nan nawa." Ɗanta direban kamiyo ne, babbar motar kaya, kullum yana kan hanya. Inna takan ce, "Shi ne na farko." Sun sha faɗa a kan kaji da igiyar guga, amma ban taɓa jin sun yi musu a kan addini ba. Ina kewar gidan nan ƙwarai.

Na girma, na yi aure a Parakou, na buɗe shagon ɗinki a ƙofar gidana. Da tsufa ya kama Inna, kunne ya yi nauyi, gwiwa ta ƙi, sai na ɗauko ta. Gidanmu a bakin gari yake, bayan gonakin yazawa, masallaci can da nisa. Na gyara mata ɗaki har da fanka, ina jin na yi abin kai. Amma sai tsohuwa ta fara lalacewa. Bini-bini ta leƙo shago ta ce, "An kira?" In ce ya wuce tun ɗazu, don ni ma ƙarar keken ɗinki ba ta barina in ji komai.

Wata rana na same ta tana hawaye. Ta ce, "Yau ban ambaci kowa ba. Mutane na kan hanya, ni ina zaune kamar buhun doya."

Na sayo mata agogo mai ƙararrawa. Da ya yi ƙara sai ta firgita, ta tura shi cikin kwandon tsumma. Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Inna, Allah ai ba ya rufe ƙofa. Kowane lokaci kika yi, yana ji."

"Na san yana ji," in ji ta. "Ni ce nake mantuwa. Sunayen ma sun fara guduwa."

Abin da take tsoro ke nan, kada mantuwa ta cinye mata addu'ar gaba ɗaya. Ni ma sai tsoron ya kama ni.

Da na kira Hajiya gaisuwa na ba ta labari, ta wanke ni tas, wai na ɗauke mata tsohuwa na kai daji. Kashegari da la'asar salula ta yi ƙara. Na ɗauka, ba wanda ya yi magana. Ashe Hajiya ce ta kara wayar a jikin bangon masallaci. Ladan sabo ne, amma lasifikar ita ce dai mai shaƙaƙƙiyar muryar nan. Na sa wa Inna a kunne. Fuskarta ta washe, sai ga muryar Hajiya, "Matar malam, tashi ki yi naki."

Durƙuso ya gagara, sai ta zauna a bakin gado ta ce in buɗe taga. Ta fara da direba. Inda suna ya kuɓuce mata ni nake cikawa, don tun ina yarinya suke shiga kunnena. Haka muka ci gaba kullum. In waya ta yi ƙara, in tsai da keke ko da rigar amarya ce a kai. A bakin gadon nan na koyi cewa addu'a tana son a yanka mata lokacinta, ba a bar mata ragowar rana ba.

Inna ta rasu da damina, sabuwar doya ta fara fitowa. Muka kai ta Djougou kusa da Baba. Hajiya ce ta zauna gefena tana amsa gaisuwar mutane.

Bayan na koma Parakou, ina zaune a shago da la'asar, sai waya ta yi ƙara. Na ga Hajiya ce, na ce a raina tsufa ne, ta manta.

"Hajiya, Inna fa ba ta nan."

"Na sani, ɗiyata. Ba a gabana aka rufe ta ba? Yaron nan ya tashi da kaya tun safe, kuma an yi ruwa a hanya. Tashi ki yi naki."

Na tsai da keke, na shiga ɗakin Inna, na buɗe taga. Da shi na fara.