Ranar da Na Wuce Motar Baffa

Baffa, ƙanen mahaifina, shi ya koya mini tuƙi, kuma bai koya mini da lallashi ba. Ya yi shekaru yana jigilar fasinja daga Daura zuwa Baure har Babban Mutum, tun hanyar tana cin taya tana karya sifirin. Idan na taka birki da ƙarfi sai ya ce, "Malamin makaranta, kaya ka ɗauko ko mutane?" Idan mota ta mutu mini a kan tudu sai ya juya ya kalli taga, kamar bai taɓa ganina ba. Komai yana iya mayar da shi abin tsokana, ban da wuce mota. Nan kam fuskarsa ɗaurewa take yi.

"Ba ka wuce mutum sai ya ba ka hannu," in ji shi. "Ko ya ba ka hannun ma, ka duba hanya da idonka. Shi ba ya ganin abin da kake gani."

Akwai kuma wata al'ada ta 'yan tasha da ban ji ta a bakinsa ba, a jikin mutane na gan ta. Wanda ya koya maka mota maigidanka ne, ba ka shan gabansa a hanya. In ka tarar da shi sai ka yi hon na gaisuwa, ka bi bayansa har sai ya tsaya ko ya kauce don kansa. Ni ban zama direban haya ba, aikin koyarwa na kama, amma al'adar ta bi ni. Akwai ranar da na biyo Baffa tun daga Sandamu yana tafiyar nan tasa ta mai hankali, ni kuma ina sauri zuwa ɗaurin aure. Na isa an shafa fatiha. Ko a raina ban kawo zancen wuce shi ba.

Wata shekara, bayan an gama girbi, direbobin tasha da wasu masu motoci na cikin gari suka shirya abin da suka kira ranar zagaye. Manufar ita ce a taimaka wa iyalan direbobin da suka rasu a kan hanya. Duk mai son shiga zai kawo buhun hatsi, a raba wa matan mamatan, sannan ya ɗauki marayun a motarsa ya zagaya da su fili sau biyar, su ma su ji iskar da iyayensu suka saba sha. An samu wani fili a kan hanyar Mai'adua, aka kawo gireda ta share hanya ta zagaye shi, aka jera tsofaffin tayoyi a gefe aka shafa musu farar ƙasa. Hanyar tana da wani miƙaƙƙen ɓangare mai tsawo da ya fuskanci yamma. A ƙarshensa aka kafa jar tuta, daga nan sai kwana mai kaifi da ta bi gefen wani kududdufi inda ake haƙar ƙasar bulo. Yana da zurfi, kuma ruwan damina bai gama ƙafewa a cikinsa ba.

Akwai abin da na sani wanda babu wanda ya sani a filin nan. Wata biyu kafin ranar, ni na kai Baffa wajen likitan ido a Kano. Likitan ya ce yanar ido ta rufe na hagu, na dama ma ta fara kamawa, sai an yi aiki. A hanyarmu ta dawowa, da muka wuce Kazaure, Baffa ya ce, "Wannan magana ta tsaya a cikin motar nan." Na ce to. Daga baya na lura da dabarar da yake yi. Ba ya fita sai ya samu motar da zai bi, ya kafa mata ido, duk inda ta karkata ya karkata. Haka yake zuwa kasuwa, haka yake zuwa masallacin Juma'a, kuma kowa yana yaba natsuwarsa.

Da aka idar da sallar la'asar shugaban ƙungiya ya tara mu gindin wata kuka, ya ɗauki lasifika ya karanta dokoki. Ba tsere aka zo yi ba. Ba a wuce mota sai a miƙaƙƙen ɓangaren nan, ta hannun hagu, bayan ka yi hon sau ɗaya kuma na gabanka ya fito da hannu ta taga ya ba ka hanya. Da zarar an kai jar tuta, babu sauran wucewa ko wane ne ya ba ka hannu. Matasan direbobi suna ta ƙyafta wa juna ido, don su a wajensu tafiya a hankali cin mutunci ne. Sai shugaba ya ƙara da wata sanarwa.

"Kuma babbanmu, wanda ya koya wa rabinmu wannan sana'a, shi zai ja gaba."

Aka yi tafi. Baffa ya gyara zaman hularsa, yana murmushi. Ni kuwa na kalli rana, ta fara sauka daidai saitin jar tutar nan. Wa zai bi a gaba? Babu kowa a gabansa sai hasken rana da kududdufi.

Nan ne ya kamata in yi magana, kuma ban yi ba. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka jarumta na yi a ranar. Na matsa kusa da shi na rage murya na ce, "Baffa, ko dai ni in shiga gaba, in ɗan share maka ƙura?" Ya dube ni da idon daman nan nasa ya ce, "Kai da ban yarda ka ajiye mota a inuwa ba?" Mutanen da ke kusa suka kwashe da dariya, ni ma na yi dariyar. Abin da na iya yi kawai shi ne na yi wuf na kafa motata a bayansa, na biyu a layi.

Aka sa masa yara uku, 'ya'yan wani direba da shi ma a hannunsa ya koyi mota. Ni aka ba ni biyu. Ƙaramar cikin nasa, wata yarinya mai jan ɗankwali, ta durƙusa a kujerar baya ta juyo tana kallona ta gilashi, tana ɗaga mini hannu. Ban iya mayar mata ba, hannuwana duka biyun suna kan sitiyari.

Zagayen farko ya tafi a hankali ƙwarai, har na fara cewa wataƙila tsorona ne kawai. Da muka iso kwanar kududdufi sai na ga tayarsa ta baya ta goge ɗaya daga cikin fararen tayoyin nan, ta ture ta. 'Yan kallo suka ɗauka gwaninta ce, wai yana nuna yadda ake shafar kwana, har wasu suka yi sowa. A zagaye na biyu ya makara wajen karya sitiyari. Motar ta nufi ruwa kai tsaye, na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ya fizgo ta. Yaran cikin motarsa suka faɗa kan juna suna dariya. Ni salati nake yi da ƙarfi, har yaran da ke bayana suka yi tsit.

Na san abin da ya kamata. In na shiga gabansa zai samu abin bi, kamar yadda ya saba. Amma sai ya ba ni hannu, a gaban duk 'yan tasha, shi da ko motar gwamna ba ta cika samun hannunsa ba. In kuma na wuce ba tare da hannun ba, ta gefen hagu zan bi, gefen idon da ba ya gani. Ya ɗan karkato kaɗan, shi ke nan, yara biyar ne a tsakaninmu. A bayana kuma matasan nan sun matso har ina ganin haƙoransu a madubi, wani ma ya fara leƙowa yana neman hanya. Tsoro ya kama ni sosai.

Da muka shiga miƙaƙƙen ɓangaren a zagaye na uku, na danna hon sau ɗaya. Ba na gaisuwa ba, na neman hanya. Na san ya gane, don ya san kukan motata kamar yadda ya san muryata. Tagar tana buɗe, ina ganin gwiwar hannunsa a kanta. Ba ta motsa ba. Muka ci gaba da tafiya, rana tana dukan fuskata har ni mai lafiyar ido sai da na sauke abin tare rana. Rabin hanya ya wuce. Na ce a raina, Baffa don Allah. Jar tuta ta matso, ta zo daidai motarsa, ya wuce ta.

Sai ga hannu ya fito. Ya miƙe shi sosai, yana kaɗawa gaba, wuce, wuce.

Bai ga tutar ba. A zatonsa har yanzu muna kan miƙaƙƙiyar hanya, alhali bakin kwana muke. Ƙafata ta riga ta fara danna totur don kanta, don abin da nake roƙo ke nan tun ɗazu, kuma wa ya san ko zai sake ba ni hannun? Amma babu wajen mota biyu a nan. Na ɗage ƙafa, na ja baya, na kwanta a kan hon ban ɗaga ba. Ya taka birki, motar ta ɗan ja gindi a kan ƙasa, ta ture tayoyi biyu, ɗaya ta gangara ta faɗa ruwa. Ya karya kwanar da ƙyar. Yarinyar mai jan ɗankwali ta daina ɗaga hannu.

Sauran zagayen nan shi ne tafiya mafi tsawo da na taɓa yi, ko da yake bai fi 'yan mintuna ba. Ina ta tunanin ko ya yi fushi, ko yana ganin na roƙi hanya ne don in kunyata shi sannan na ƙi karɓa. In ya tsaya a tsakiyar fili, kowa zai tambayi dalili. In ya ci gaba bai ba ni hannu ba, kwanar tana nan tana jiransa, kuma rana ta ƙara sauka.

Muna shiga miƙaƙƙen ɓangaren na sake yin hon sau ɗaya. Ban ma gama ɗauke hannuna ba nasa ya fito. Na duba madubi, na duba gaba, na fita hagu na ba shi fili mai yawa, na wuce shi a hankali. Ban kalle shi ba, na kasa. Na dawo gabansa na rage gudu har ya zo dab da ni, na kunna fitilun baya. A madubi na gan shi ya sunkuyo kan sitiyari, ya kafa wa motata ido. Muka shiga kwanar tare, inda na bi nan ya bi, ko taya ɗaya bai taɓa ba. Haka muka gama na huɗu da na biyar, matasan baya suna ta cizon yatsa don ba wanda ya isa ya nemi hanya a wajensa.

Da muka tsaya gindin kuka yara suka fita da gudu wajen iyayensu mata. Ni na kashe mota na zauna a ciki. Shugaba ya iso tagata ransa a ɓace.

"Haba malam! Maigidanka, kuma ubanka, a gaban jama'a? Ina kunyar take? Ga hon kamar motar kashe gobara."

Duk amsar da zan ba shi tana cikin maganar da aka ce ta tsaya a mota. Sai muryar Baffa ta fito daga bayansa.

"Ni na ba shi hannu. Sau biyu ma. Na farkon ya ƙi karɓa, kuma da ya karɓa da ban sake yi masa magana ba har in mutu."

Shugaba ya buɗe baki zai yi tambaya. Baffa ya riga shi, a gaban duk waɗanda suka taru, da muryarsa ta yau da kullum. "Ba na gani, alhaji. Tun bara. Ku sa wani ya kai mini motata gida." Ya miƙa masa makulli. Matasan nan suka sunkuyar da kai.

Baffa ya zagayo ya buɗe ƙofar gaba ta motata, ya zauna a kujerar da yake zama lokacin da yake koya mini. Muka hau hanyar Daura. Na jira faɗa, na jira tsokana, bai yi ko ɗaya ba. Sai da muka kusa shiga gari ya ce, bai juyo ba, "Da ka faɗa musu tun gindin kuka."

Na ce, "Baffa, kai ka ce in yi shiru."

Ya ce, "Na ce. Amma yaran nan ba su ce ba."

Wata motar ɗaukar kaya tana gabanmu tana tafiya a hankali. Direbanta ya fito da hannu ya ba ni hanya. Na leƙa, hanya fayau babu kowa, amma ban wuce ba, na bi bayansa har ƙofar gida.