Rigar da Ban Ce a Tuɓe Ba

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da mutum huɗu suka shigo mini da Nomau kwance bisa ƙyauren ɗaki ba. Na tsufa, na ajiye aiki, na manta sunan rabin magungunan da na raba, amma wannan rana in ta faɗo mini har yau sai raina ya ɓaci. Ku da ke aikin lafiya yanzu kuna cewa tsohon nan ya cika faɗa a kan ciwon baya. To ku ji inda faɗan ya samo asali.

Lokacin ni disfensa ne, wato malamin ɗakin shan magani, a ɗaya daga sababbin garuruwan da aka gina wa Gungawa a ƙasar Ngaski, bayan an datse Kwara a Kainji ruwa ya cinye tsibiransu. Ga wanda bai san tsarin ba, disfensa ba likita ba ne, ba ma nas ba ne. Sama da ni akwai Sufeto, mai zagaya ɗakunan magani a kan babur duk wata uku. Sama da shi sai likita, yana Yelwa. Shi kam kamar ayu yake a wurinmu: kowa ya san yana cikin ruwan, amma ba kowa ya taɓa ganinsa ba.

Aikin ta taga ake yi. Majiyyaci ya tsaya waje ya miƙo kati, in tambaye shi abin da ke damunsa, in rubuta, in miƙa masa magani, na baya ya matso. Ga ciwon baya abu biyu ne a kabad ɗina, asfirin da man zafi. Ciwon baya kuwa a garin nan kamar sunan yanka ne, kowa da nasa. Mutane ne da suka tashi da tuƙin jirgi da ban-ruwan albasa a duƙe, sannan aka kwaso su aka ajiye kan tudu mai tsakuwa aka ce su sare sabuwar gona.

Akwai wani dattijo maɗori da ya taso tare da su daga gungu, wato tsibirinsu, Baba Arzika. Ɗori ya gada, amma abin da ya fi shahara da shi gyaran baya ne. Na sha zama ina kallonsa. Ba ya fara da tausa. Sai ka tuɓe riga, ka yi tafiya ka dawo yana kallonka, sannan ya bi ƙashin bayanka da babban yatsa, gaɓa bayan gaɓa. Ya tambaye ka ko kana tari, ko gumi na jiƙa maka tabarma, ko ƙafa na maka nauyi. In ya gamsu, sai ya kwantar da kai ya danna da tafin hannu, ya juya ƙugu a hankali har ka ji ƙas.

Ba zan mai da shi waliyyi ba. Yana cewa ƙashi ne ya goce shi kuma yana mai da shi, ni kuwa littafin da na karanta bai san wannan gocewar ba. Ba ya warkar da kowa har abada. Sauƙin wata guda ne ko biyu, sai mutum ya dawo. Ya taɓa karya wa wata tsohuwa haƙarƙari, abin da bai daina jin kunyarsa ba. Amma asfirin ɗina daga hantsi zuwa la'asar yake aiki, saboda haka ban ga ta inda zan yi masa kallon raini ba.

Abin da ya fi daraja a aikinsa shi ne waɗanda yake ƙi. In yatsansa ya ci karo da abin da bai yarda da shi ba, sai ya ce, "Wanga baya ba nau ba ne." Ya tsinko kaba ɗaya ya ƙulla, ya ce a kawo mini. Duk wanda ya miƙo mini ƙullin kaba ta taga, na san takarda zan rubuta masa zuwa babban asibiti. Ni ma in na ga ciwon gajiya ne ya ƙi jin ƙwaya, sai in ce a gaishe mini da Baba. Ba a rubuce tsarin yake ba, amma yana aiki.

Aka kawo mana sabon Sufeto, Malam Bala. Yana da takardar shaida fiye da tawa, kuma ba ya bari a manta. Zuwansa na farko ya ga ƙulle-ƙullen kaba rataye a ƙusa, ya tambaya, ni kuwa da wautata na yi masa bayani ina jiran yabo.

Ya ce, "Wato ɗakin maganin hukuma ya zama zauren boka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, maɗori ne. Kuma waɗanda yake turowa, likita bai taɓa maido ko ɗaya ya ce ba kome ba."

"Wace makaranta ya yi?"

"Ban tambaye shi ba."

"To ni na yi. Mun sami 'yancin kai, mun datse Kwara, kai kana nan kana karɓar umarni daga kaba."

Kafin ya hau babur ya biya wurin dagaci. Aka kira Baba Arzika aka gaya masa daga ranar kada ya sake ɗora hannu a bayan kowa. Na zaci zai yi gardama. Cewa ya yi, "Hukuma ta raba mu da gungunmu ba mu ce uffan ba, bale tabarma guda." Ya naɗe tabarmarsa.

Abin da Malam Bala bai karanta a makaranta ba shi ne, in ka hana mai gyara, ba ka hana ciwon ba. Baya ya ci gaba da ciwo. Sai ga wani Audu, tsohon lebura a wurin aikin madatsa, wanda ya sa wa kansa suna Injiniya. Ya ce ya ga yadda wani Bature ke miƙe wa 'yan uwansa baya a bariki. Iliminsa na leƙe ne, ta tagar ɗakin da yake sharewa. Bayan rumfunan banda yake aikinsa, inda dagaci ba ya zuwa. Ya kwantar da mutum rub da ciki, ya dogara da filafilin tuƙin jirgi, ya hau bayan da dugadugai. Takensa shi ne in gaɓa ba ta yi ƙara ba, ba ta koma ba. Na ji labarin, na aika wa Sufeto takarda. Amsar da ta zo ita ce ai an riga an hana, saboda haka ba a yi.

Nomau mai jirgin fito ne, shi ke kai mu kasuwar Wara. Dogo, mai barkwanci, da mata ɗaya, Kulu, da 'ya'ya huɗu da ke ci daga filafilinsa. Sau uku ya zo tagata cikin daminar nan.

Na farko na ce, "Sarkin ruwa, me ke damunka?"

Ya ce, "Baya, Malam. Awa an kafa mini turke."

Na ba shi asfirin da man zafi.

Na biyu ya ce, "Ƙwayar nan taka, Malam, ko gero ce kake niƙawa?" Na ce ya rage ɗaukar mata masu kaya. Muka yi dariya, na ƙara masa.

Na uku na lura rigarsa ta yi masa yawa, kuma yana tsaye ne dafe da gwiwoyinsa. Kun san abin da na ce? Cewa na yi, "Kulu ta daina ba ka tuwo ne?" Layi na da tsawo, ranar kasuwa ce. Na rubuta ciwon baya a karo na uku, da kyakkyawan rubutuna da ake yabo tun ina elementare, na ce na baya ya matso.

Bayan kwana tara aka kawo shi bisa ƙyaure. Kulu na biye, ba ta kuka, kuma da ma kukan ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Injiniya yat taka shi. Mun ji ƙarar daga waje. Yac ce ta koma. Shi ko bai tashi ba."

Na soka masa allura a tafin ƙafa bai ji ba. Na hau zuwa ƙwauri, zuwa cinya, shiru. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ina tsaye da allura a hannu ban san ta inda zan fara ba, sai na ga mutane sun dare. Ashe Kulu ta aika an kira Baba Arzika. Ya tsaya bakin ƙofa bai shigo ba.

Ya ce, "An hana ni taɓi."

Na ce, "Baba, shigo. Ni na ce."

Ya sa muka juya Nomau mu huɗu, gaba ɗaya kamar gungume, aka keta rigar da almakashi. Bai ma sa yatsa ba sai da ya nuna mini da haɓa. A tsakiyar baya ga ƙashi nan ya tsiro, ƙulli kamar gwiwar ɗan yatsa. Makaho ma zai same shi da laluba.

Ya ce wa Kulu, "Yana tari?"

"Tun bazara."

"Gumi fa?"

"Kullum sai na shanya tabarma."

Ya gyaɗa kai. "Wanga ƙulli ba na yau ba ne. Ya kai wata huɗu." Sai ya juyo gare ni, ba tare da ɗaga murya ba. "Malam, sau nawa yaz zo wurinka?"

Na ce, "Uku."

"Ka ce mai shi tuɓe riga?"

Katin na kan tebur, shi ya amsa.

Muka ɗaure shi a ƙyauren da zane don kada bayan ya motsa, abokan fitonsa suka tuƙa mu a jirginsa zuwa Yelwa. Ranar na ga likita ido da ido. Ya ce tarin fuka ne ya shiga ƙashin baya ya cinye shi kamar gara, nauyin mutum ya ƙarasa rushe shi a kan lakar da ke cikinsa. Ya ce da an kawo shi tun da fari, da allura da filasta da kwanciya, da wuya ya rasa ƙafa. Ya tambaya wa ke duba garin. Na ce ni ne. Ya ci gaba da rubutu.

Injiniya kuwa kafin mu dawo ya tsallake tabkin Kainji, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Sufeto ya zo a makon, fuskarsa har da walwala.

Ya ce, "Ka gani? Abin da nake gudu ke nan. Rubuta rahoto, ka ce sakamakon maganin gargajiya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane daga ciki? Wanda ka hana, ko wanda hanin ya haifa?"

"Duk kanwar ja ce."

"Wanda ka hana kallo ɗaya ya yi ya ga abin da ni mai takarda na kasa gani sau uku. Da yana aiki, da Nomau ya zo mini da kaba tun farkon damina."

"Da, da. Ba a rubuta rahoto da da."

Na rubuta. Na sa Injiniya, na sa hanin da wanda ya yi shi, na sa zuwan Nomau uku da abin da ban yi ba, don laifi tudu ne, kuma na gaji da taka nawa ina hangen na wani. Rahoton ya dawo da jan biro, an soke kome sai Injiniya. Har nawa laifin aka soke, don in disfensa ya yi kuskure, mai duba disfensa fa? Bayan wata biyu aka ɗauke ni zuwa Shanga. Ba a ɗage hanin ba har Baba Arzika ya rasu.

Nomau ya yi kusan shekara a asibiti. Ƙafar dama ta ɗan dawo, ta hagu ba ta dawo ba. Na same shi wata rana ƙofar gidansa yana ɗinkin komar kamun kifi, sanduna biyu jingine da bango, jirginsa na hannun wani. Na fara neman gafara, ya katse ni.

Ya ce, "Malam, kai ba mugu ba ne. Sauri gare ka."

Da zagi ya yi da na ji daɗi.

Yanzu ina jin har asibitoci ake buɗewa na miƙe ƙashin baya, da gadaje masu lanƙwasa, kuma kuna tambayata ko abin na da amfani ko haɗari. Amsata ita ce duka biyun, kuma hannu ɗaya ne ke yin su. A bayan da gajiya ta ɗaure, dannar na kawo sauƙi na ɗan lokaci, kada kuma kowa ya sayar muku da fiye da haka. A bayan da cuta ta cinye, dannar nan ita ce ke zaunar da mutum har ƙarshen ransa. Saboda haka ba na tambayar mai gyaran baya mutum nawa ya warkar. Tambayarsa nake mutum nawa ya ƙi taɓawa, kuma ina ya tura su. In ya ce bai taɓa ƙin kowa ba, ku kwashe majiyyacinku ku bar wurin.

Ku ma kada ku ji daɗi don kuna da farar riga. Mu uku muka zaunar da Nomau. Ɗaya jahili ne, shi ya gudu. Biyun masu takardar shaida ne, mu kuwa daga baya har aka ƙara mana girma.