Allura da Ƙwaryar Hajiya Delu

A Kambarawa, bayan wani shagon gyaran fanka, akwai ɗaki guda da aka manne bangonsa da soso da kwalin ƙwai. Nan ne sitidiyon Malam Sagiru. Shekara ashirin da biyu yana sana'ar sauti: goma sha biyar a gindin manyan lasifikun biki da na wa'azi, sauran kuma a wannan ɗaki, yana ɗaukar waƙa yana tace ta. Mawaƙan Katsina sun san shi da kunne. Har zolayarsa suke yi, wai ko sauro ya gifta gaban makirufo zai faɗi daga unguwar da ya fito.

Abin da ba su sani ba, kunnen ya fara tafiya. Shekara biyu ke nan siraran sautuka sun daina isa gare shi. Cokali kan faɗi a tsakar gida, ya ga matarsa ta waiwaya, shi bai ji komai ba. Ko ita bai gaya wa ba. Sai ya yi saƙo Kano aka kawo masa mita, ɗan akwati mai fuskar gilashi, da allura a ciki mai rawa idan sauti ya ratsa. Ƙarshen ma'aunin ja ne. Ya riƙe cewa muddin allura ba ta shiga ja ba, sauti bai fashe ba, kuma da haka asirinsa ya rufu.

Ana nan sai Hajiya Delu, uwar masu kiɗan ƙwarya ta Batagarawa, ta zo da mata huɗu aka ɗauki waƙar sunan jikarta. Ƙwaryar da take kaɗawa, kife a kan ruwa cikin baho, gadonta ce daga mahaifiyarta. Da suka tafi, Sagiru ya haɗa muryoyin, ya ɗaga sautin sosai yadda mutane suke so don ya fito a waya. Allura ba ta taɓa ja ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar Hajiya ta dawo ji. Suka gaisa, aka tambayi gida, da gajiya, da mai jego, da jaririya. Ya kunna. Fuskarta yake kallo. Ba a yi minti guda ba ta ɗaga hannu.

"Malam, wa ya fasa mini ƙwarya?"

Ta ce duk bugu sai ta ji wata ƙara a bayansa, irin ta ƙwarya mai tsaga. Ya sake kunnawa, bai ji ba. Ya dubi allura, tana nesa da ja. Nan take ya tuna abin da ya daɗe da sani: allurar tana da nawa. Murya kan ja dogo, allura ta bi ta ta auna. Bugun ƙwarya kuwa kan zo ya wuce kafin ta motsa. Da can kunnensa ne ke kama wannan.

Hajiya ta riga ta fara zargin kayanta. Ta ce ƙila tsufa ne, za ta je gida ta duba, in tsaga ce a kai wa mai ɗinki. Da ya ce haka ne, da ta yarda, don ba a musu da kunnen Sagiru. In kuwa ya faɗi gaskiya, wannan mata ce mai shiga gidan biki goma a wata. Ya dubi yadda ta haɗa hannuwa a cinya, hankalinta duk ya tashi.

"Hajiya, ƙwaryarki lafiya lau take. Ni ne na ɗaga sautin ya fashe. Kuma ban ji ba, don kunnena ya yi rauni."

Ta dube shi. Sannan ta jawo kujera kusa da shi ta ce ya sake sakawa, shi ya kalli allurarsa, ita ta saurara. Ya rage kaɗan, ta girgiza kai. Ya ƙara ragewa. A karo na huɗu ta lumshe ido ta ce yanzu ta ji hannun innarta. Ya yanki farin salatif ya manna a gilashin, daidai inda allura ta tsaya, ya rubuta "ƙwarya".

Da za ta tafi ta ce mahaifiyarta ta yi shekara goma tana kiɗa bayan ta kurumce, motsin ruwan baho take kallo. Ba ta ce za ta rufa masa asiri ba, shi ma ya kasa roƙa.

Kwana ashirin ya yi yana karanta fuskar duk wanda ya yi sallama. Sai ga masu mandiri su shida, babbansu Malam Dabo ya ce Hajiya Delu ce ta turo su, ta kuma ce a nan mai waƙa kan zauna kusa da Malam Sagiru a tace tare. Sagiru ya nemi alamar sanin asirinsa a idon mutumin bai samu ba. Har yau bai san iyakar abin da ta gaya musu ba. Ya jawo masa kujera, ya yanki sabon salatif ya riƙe a yatsa, sannan ya kunna.